Tab ko Laftof: Wacce Za a Sayo wa Gida?

(Kiɗan buɗe shiri)

Zancenmu na yau na cikin gida ne, kuma ya shafi aljihu.

Maigida ya yi ta tari har kuɗi sun ɗan taru, ko uwargida ta kwashi adashi, aka yi shawara a sayo wa gida kwamfuta. Kuɗin ba za su sayi biyu ba. An je kasuwa, a ce Farm Centre ko titin Beirut a Kano, mai shago ya ɗauko kaya biyu ya ajiye a kan kanta. Ɗaya laftof ce, wadda ake buɗewa a rufe, da madannan rubutu a jikinta. Ɗayar kuma kwamfutar allo ce, wadda 'yan kasuwa ke ce wa tab, gilashi ne shafal da ake latsawa da yatsa. Tab ɗin sabuwa ce fil a kwalinta. Laftof ɗin ta hannu ce, an yi aiki da ita a Turai kafin ta iso mu. Farashinsu bai yi nisa da juna ba. To, wacce za a ɗauka?

Ina da ra'ayi a kan wannan, kuma tun daga farko zan faɗe shi. Idan a gidan akwai ɗan sakandare, ko ɗalibin gaba da sakandare, ko wani mai neman abincinsa da rubutu da lissafi, a ɗauki laftof ko da ta hannu ce. Sai dai akwai gidajen da tab ta fi dacewa da su nesa ba kusa ba, kuma su ma za mu ba su haƙƙinsu.

Tab irin wadda muka sani yau ta bazu ne daga shekarar 2010, lokacin da kamfanin Apple na Amurka ya fito da iPad. A wannan shekarar Samsung ma ya fito da Galaxy Tab, daga baya irin su Tecno da Itel suka kawo masu sauƙin kuɗi. Shugaban Apple na lokacin, Steve Jobs, ya kwatanta kwamfuta ta ainihi da motar ɗaukar kaya: ba kowa ke buƙatarta ba, amma mai kaya ba shi da makawa sai ita. Kwatancen ya yi daidai da halinmu. Mai zuwa gaishe-gaishe ƙaramar mota ta ishe shi, wanda zai kwaso buhunan gero daga Dawanau kuwa sai a-kori-kura.

Abin da mai shago ba lallai ya gaya maka ba shi ne, tab 'yar uwar waya ce ta jini. Tsarin Android da ke cikin wayarka shi ne a cikin yawancinsu, manhajojin su ne dai, WhatsApp ɗin shi ne, YouTube ɗin shi ne. Girman fuska ne ya bambanta su. Saboda haka kafin ka zaro kuɗi, ka tambayi kanka: me wannan na'ura za ta yi mana wanda wayoyin da ke gidan ba sa yi? Idan amsar ita ce a ga rubutu da hoto da girma, tab ta biya buƙata. Idan amsar ita ce a yi wani aiki da waya ta gaza yi, to da wuya tab ta yi shi, domin inda waya ta tsaya, nan kusa ita ma take tsayawa.

Kada a raina girman fuskar nan. Ku dubi dattijon da idonsa ya fara rauni, yana ƙanƙance ido a kan waya yana neman aya. Ka ba shi tab mai inci goma, ka saka masa Alƙur'ani a riwayar da ya saba, Warshu ko Hafsu, ka nuna masa yadda zai buɗa yatsu biyu rubutu ya ƙara girma, ka gama masa komai. Ba ya buƙatar koyon madannai, ba ya buƙatar tebur, a kan buzunsa zai karanta. Haka malamin da ke da littattafai masu yawa a waya, haka ɗalibar aikin jinya mai duba zane-zanen sassan jiki, haka tela mai nuna wa masu kawo ɗinki samfuri, haka Hajiya da ke son ganin fuskar jikokinta da ke wata ƙasa a kiran bidiyo. Duk waɗannan karatu da kallo da sauraro ne aikinsu, kuma a wannan fage tab ta fi laftof daɗin riƙewa, ta fi ta sauƙin koyo. Gwamnatin jihar Osun ta gane haka a 2013, lokacin da ta raba wa ɗaliban manyan azuzuwan sakandare tab da aka sa wa suna Opon Imo. An loda littattafan karatu da tsofaffin tambayoyin jarrabawa a ciki, yaro zai karanta ba tare da intanet ba. Kowane uba zai iya yin irin wannan a gidansa: a je inda ake da intanet mai ƙarfi sau ɗaya, a sauke littattafai da darussan bidiyo, a dawo gida a yi ta amfani.

Sai maganar wuta, wadda a wurinmu ita ce ke yanke hukunci a gidaje da yawa. Ka juya cajar laftof ka karanta abin da aka rubuta a jikinta, galibi za ka ga wat 45 ko 65. Ta tab kuwa yawanci tsakanin wat 10 da 20 ce. Sabuwar tab mai kyau takan kai awa goma ana karatu ko kallo kafin ta nemi caji, kuma idan ta mutu, fawa bankin da kake cajin waya da shi zai tashe ta, ƙaramin faifan sola ma zai tashe ta, mai cajin waya na bakin titi zai karɓe ta. Laftof ta hannu fa? Sau da yawa batirinta ya riga ya gaji tun a can inda ta fito. Awa ɗaya, awa biyu, ta ɗauke. Wata ma da an zare caja take mutuwa. A unguwar da ake kwana biyu ba a ga wuta ba, ko ƙauyen da turakun ba su kai ba, irin wannan laftof za ta zama kayan ado a kan durowa. Tayar da janareta domin yaro ya yi aikin makaranta, da tsadar man fetur ta yanzu, ba kowane gida zai jure ba.

Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ban ga laifin wanda ya ɗauki tab saboda ita ba. Amma ga wanda buƙatarsa ta laftof ce, matsalar tana da magani. Na farko, ka sa kuɗin sabon batir a cikin lissafinka tun kafin ka saya. Na biyu, ka nemi laftof mai karɓar caji ta ƙaramin ramin nan da ake kira USB-C, irin na sababbin wayoyi. Irin wannan, babban fawa banki mai ƙarfin tura wat 45 ko 65 zai iya caja ta. Ka tabbatar a shagon cewa ramin na caji ne, domin a wasu laftof ɗin ramin yana nan amma na tura bayanai ne kawai. Wanda kuma yake da sola da inbata a gida, laftof ba ta kai firji ko dutsen guga cin wuta ba, ko kusa.

Zafi da ƙura kuwa duka biyun suna shan wahalarsu. Kamfanin Apple da kansa ya ce an yi iPad ne ta yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a watan Afrilu, a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, zafi yana haura 40. Zafi shi ne babban abokin gabar batir. Kada a bar tab a cikin mota a rana, kada a yi caji a ƙarƙashin matashi. Laftof tana da fanka a ciki mai zuƙo iska, saboda haka lokacin hunturu tana zuƙo ƙura tare da iskar. Ɗora ta a kan katifa yana toshe ƙofofin iskar, ta yi ta zafi har ta lalace. A samo mata faranti ko guntun katako, kuma a kai ta a bushe ƙurar ko sau ɗaya ne bayan hunturu ya wuce.

Yanzu bari in zo kan dalilin da ya sa na ce gidan da ke da ɗalibi ya ɗauki laftof, domin nan ne abin ya fi damuna.

Hukumar JAMB ta fara gwada jarrabawa da kwamfuta a 2013, kuma daga 2015 ta daina ta takarda gaba ɗaya. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu. Hukumar WAEC ma ta fara yi wa masu zaman kansu jarrabawa da kwamfuta a 2024. Gaskiya ne jarrabawar JAMB ba ta buƙatar saurin buga rubutu, 'yan madannai kaɗan ake latsawa: A, B, C, D na zaɓen amsa, da na gaba, da na komawa baya, da na miƙawa. Amma ku yi tunanin yarinyar da ba ta taɓa ɗora hannu a kan madannai ba sai ranar, ba ta taɓa riƙe maus ba, ga agogo yana tafiya a gefen fuska, ga tsoron kada ta latsa wani abu komai ya goge. Ta san amsar, amma fargabar na'urar tana cin lokacinta. Yaron da ya saba da laftof a gida yana shiga ɗakin nan da nutsuwa, kuma wannan nutsuwar maki ce.

Bayan an samu shiga makaranta kuma, aikin ya fara ke nan. Za a ba da aikin gida a ce a kawo shi a buge. Za a zo shekarar ƙarshe a rubuta kundin kammala karatu, shafi hamsin, shafi tamanin, da jadawali, da lambar shafi, malami ya yi gyara da jan biro a koma a sake. Wanda ba shi da laftof, shagon buga takardu zai yi ta zarya yana biyan kuɗi a kan kowane shafi, kowane gyara da kuɗinsa. Ɗalibin kimiyyar zamantakewa za a ce ya tace bayanansa da SPSS, ɗalibin zanen gine-gine cikakkiyar AutoCAD ake nema a wurinsa, mai son sana'ar zanen katin biki da kalanda da allon talla, a shagunanmu CorelDraw ake tambaya. Waɗannan manhajojin kwamfuta ne, ba su da cikakken gurbi a tab ta Android. Word da Excel suna nan a tab, amma an rage musu abubuwa da yawa, kuma duk wanda ya gwada cika jadawalin lissafin shago da yatsa a kan gilashi ya san wuyar abin.

Wani zai ce ai ana sayar da madannai na daban da ake haɗa wa tab ta Bluetooth. Haka ne, kuma ga mai rubuta wasiƙa ko taƙaitaccen darasi sun wadatar. Amma ka haɗa kuɗin tab mai kyau da na madannan da na rigarta, sau da yawa ka kai kuɗin laftof, alhali manhajojin ba su canja ba. Ga buɗe takardu biyu ko uku a lokaci guda, ga sa filash, ga haɗawa da firinta, duk sun fi sauƙi a laftof.

Abin da nake so iyaye su riƙe shi ne, yaron da aka ba tab yakan ƙware ne a kallon abin da wasu suka yi. Wanda aka ba laftof, aka kuma ja masa kunne, yana da damar koyon yin nasa: ya buga rubutu da yatsu goma, ya tsara takarda, ya yi lissafi a Excel, ya fara koyon rubuta manhaja. Waɗannan su ake tambaya a wurin ɗaukar aiki. Kuma don Allah, idan laftof ta shigo gida, kada ta zama ta yaya babba shi kaɗai, ƙannensa mata suna leƙe daga nesa. Jarrabawar da zai zauna ita za su zauna. A raba lokaci, kowa ya san ranarsa ko awarsa. Mace da ta iya kwamfuta tana iya riƙe lissafin sana'arta, ta buga wa makarantar unguwa takardun jarrabawa, ta koyar da 'ya'yanta, duk daga cikin ɗakinta.

Masu rubutu da Hausa, ku ma kuna da abin dubawa. A tab da waya, idan ka zaɓi Hausa a manhajar madannai ta Gboard, haruffan nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suna fitowa cikin sauƙi. A laftof sai an shiga saitin harshe na Windows an ƙara madannan Hausa, ko a sauke manhajar Keyman, wadda kyauta ce. Aikin minti kaɗan ne, a sa mai shago ya yi kafin a bar wurinsa.

Data kuma, tab da yawa suna da gurbin layin waya, laftof kuwa sai an ba ta intanet daga waya ko ƙaramar na'urar wayfay. A kula, Windows tana sauke sabuntawa da kanta, tana iya lashe datar wata guda a dare ɗaya. Akwai wurin da ake gaya mata cewa intanet ɗin nan na awo ne, sai ta rage. Shi ma a tambaya a nuna.

Game da ƙananan yara, tab ce suka fi so, kuma nan ne haɗarinta yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban fuskar na'ura, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini, in an rage ma ya fi. Na san uwa tana gajiya, ga girki ga wanki, miƙa wa yaro tab ya yi shiru akwai sauƙi. Amma a shekarun nan bakin yaro yana buɗewa ne da hira da mutane, da wasan ƙasa da 'yan uwansa, da tatsuniyar kaka. Ga waɗanda suka ɗan tasa, manhajar Family Link ta Google tana ba uba ko uwa damar ƙayyade awannin da za a yi da kuma abin da za a sauke. Tab tana shiga ƙarƙashin bargo da dare ba wanda ya sani, laftof kuwa ta fi wuyar ɓoyewa. Kowacce aka saya, a ajiye ta a falo ko tsakar gida, inda mai wucewa zai ga fuskarta, kuma ta kwana a ɗakin iyaye. A laftof kowa yana iya samun nasa asusun da kalmar sirrinsa, takardun maigida ba za su haɗu da wasannin yara ba. Wasu tab na Android ma suna yin haka, amma iPad ta gida asusu ɗaya take ɗauka.

Wajen daɗewa da gyara, laftof ce a gaba, musamman irin waɗanda aka yi domin ofisoshi, kamar ThinkPad ta Lenovo, Latitude ta Dell, da EliteBook ta HP. Ana kwance su da sukudireba, a canja batir, a canja madannai, a yawancinsu a ƙara ƙwaƙwalwar aiki da ake kira RAM, kuma kayan gyaransu suna nan a kasuwanninmu. Tab kuwa a manne take da gam. Ma'ajiyarta ba ta ƙaruwa sai dai a sa katin memori, in tana da gurbinsa. Idan ta faɗi gilashin ya fashe, kuɗin gyaran yakan sa mutum ya haƙura, in ma an samu irin gilashin. Masu arha marasa sanannen suna kuma, kamfanin yakan daina aiko musu da sabuntawa da wuri, bayan 'yan shekaru manhajoji su fara ƙin hawa. Akwai ma na jabu, waɗanda aka rubuta babbar ma'ajiya a kwali, har a cikin saiti, alhali ta ciki ba ta kai haka ba. Araha ba ta ado.

To, ranar saye, ga abin da za a duba, kuma a tafi da wanda ya san kan abin. In laftof ce, a nemi mai ma'ajiya irin ta SSD, domin tsohon faifai mai juyawa yana da nawa kuma ba ya jure faɗuwa. RAM kada ta gaza gig 8. A lura da wannan sosai: kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, in ban da waɗanda suka shiga tsarin ƙarin wa'adi, kuma Windows 11 ba ta karɓar yawancin tsofaffin injuna. Idan injin Intel ne, a dubi lambar da ke bin i5 ko i7. In ta fara da 8 ko 9, ko da 10 zuwa sama, an tsira. In ta fara da 4 ko 5 ko 6, tsohuwa ce, sai dai a saye ta da arha a ɗora mata tsarin Linux, wanda kyauta ne. A zare caja a bar ta tana aiki a gabanka, ka ga yadda batirin ke sauka. A latsa madannai ɗaya bayan ɗaya. A dubi jerin haruffan layin sama: in ya fara da Q, W, E, na Ingilishi ne, in ya fara da A, Z, E, na Faransanci ne, wanda ya fi dacewa da 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram masu karatu da Faransanci, amma zai rikita ɗan Najeriya mai shirin JAMB. A tabbatar ba a kulle ta da kalmar sirri tun daga wurin kunnawa ba.

In tab ce, kuma ta hannu, a sa mai shago ya goge ta tas ya sake kunna ta a gabanka. Idan ta nemi asusun tsohon mai ita, na iCloud ko na Google, a ajiye masa kayarsa, domin ba za ta buɗu ba, kuma mai yiwuwa ta sata ce. A sayi riga mai kauri da gilashin kariya a ranar, kafin ta shiga hannun yara. Kowacce ce kuma, a karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar da sunan shagon, a kuma yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce a bayansa.

Masu sauraro, lokaci ya cim mana. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa a daidai wannan lokaci. Wassalamu alaikum warahmatullah.

(Kiɗan rufe shiri)